Gwamnan Banki da Kuɗin Saniya

"Kaf garin Camcamal babu wanda ya san kuɗi kamar ni. Ko ido a rufe aka miƙo mini takarda, ina shinshina ta zan faɗi shekarar da aka buga ta."

Karatun da Kak Baktiyar yake biya mana ke nan kullum a shagon shayin Mam Kadir, ya harɗe ƙafa yana murza gashin baki. Kada kuma ka ɗauka ya taɓa riƙe wani abin kirki. Wata shida ya yi yana kai wa ma'aikatan wani banki shayi a Kirkuk tun yana saurayi, aka sallame shi ranar da ya kifar da buta a kan teburin manaja. Amma in ka ji shi yana "lokacin da muke banki", sai ka rantse makullin taskar ƙasa a aljihunsa yake kwana. Shi ya sa muka raɗa masa Gwamnan Banki. Gogan naka ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa gane tsiya ake yi masa ba.

A shekarun nan da yaƙi ya raba mu da Bagadaza, dinari iri biyu ne a ƙasar. Akwai tsoho da muke kira Suwisri, wanda aka bugo daga waje tun zamanin zaman lafiya, akwai kuma sabo da gwamnati ke bugawa a gida ba ƙaƙƙautawa. Mu nan arewacin ƙasar tsohon muke kashewa. In ya yage mu liƙe da salatif, in ya sake yagewa mu sake liƙewa, har akwai takardar da salatif ɗin jikinta ya fi ta nauyi.

Irin waɗannan tsummokaran Gulbahar, matar Gwamna, ta shekara uku tana tarawa a cikin matashin kai. Gurasa take gasawa tana sayarwa, duk gashin hannunta wutar tanderu ta lashe. Burinta ɗaya ne a duniya, wata jar saniya da ke wurin Haji Fatah mai dabbobi, wadda za ta ba 'ya'yanta huɗu madara, ita kuma ta samu kindirmon sayarwa ta huta da hayaƙi. Har sun gama ciniki, Haji ya ce zai riƙe mata saniyar zuwa azahar ɗin Alhamis.

Ana saura kwana uku sai rediyo ta ce Bagadaza ta soke tsofaffin takardu, kowa ya kai banki a canza masa cikin 'yan kwanaki, kuma an rufe hanyar da ta haɗa mu da kudu. Muka taru a shagon shayi. Mam Kadir ya ce a dai dakata a ga abin da 'yan kasuwa za su yanke. Gwamna ya miƙe ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Ku dakata ɗin. Nan da mako guda da kuɗinku za a riƙa kunna murhu. Ni dai na san ƙofar baya."

A gida ya yi wa Gulbahar lacca mai tsawo a kan dokar kuɗi, ta saurara har ya gama, ta ce ko dokar ce da kanta ta zo kada ta kuskura ta taɓa mata matashi. Washegari da hantsi tana fita kai gurasa, ya farke matashin ya kwashe, ya naɗe cikin ɗamararsa, ya bar wa maƙwabciya sallahu wai ya tafi ceto iyalinsa.

Babbar hanya sojoji sun tare, don haka ya bi masu fasa-ƙwaurin fetur ta bayan duwatsu. Jakin da ya haya ya kayar da shi sau biyu, rafi ya tafi da takalminsa ɗaya, duk da haka bakinsa bai mutu ba, yana ta koya wa masu jakuna yadda ake tafiyar da tattalin arzikin ƙasa. Da ya isa Kirkuk, can ɓangaren Bagadaza, ya tarar layin banki ya zagaye unguwa. Yana tsaye yana neman wanda zai tuna da shi a cikin masu gadi, sai wani mai baƙin tabarau da dogon carbi ya matso ya kira shi "Ustaz". Tun da aka haifi Baktiyar ba a taɓa kiransa haka ba, nan take ƙirjinsa ya ƙara faɗi.

Mutumin ya ce babban mutum irinsa bai dace da layi ba. Banki ɗaya-da-ɗaya yake canzawa, shi kuwa zai ba shi sababbi biyu a kan kowace tsohuwa. Gwamna ya haɗe rai irin na ƙwararru ya ce uku. Kafin ya rufe baki mutumin ya ce ya saya. To, aboki, mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa dalilin da zai sa wani ya sayi gawa da kuɗin mai rai har ninki uku. Namu gwanin dariya kawai yake dannewa, yana cewa a ransa lallai zafin birni ya dafa wa mutanen nan ƙwaƙwalwa. Mai tabarau har tsire ya saya masa, ya raka shi bakin gari yana yi masa addu'a.

Kuɗin sun yi yawan da ɗamara ta kasa, sai ya jera su cikin riga ya ɗaure, ya fito da tumbi kamar mai cikin wata tara. A kan duwatsu ruwan bazara ya sauko ya yi masa dukan kawo wuƙa. Tsohon Suwisri ko a aljihu aka wanke shi sai dai ya ƙara tsabta, amma bugun gida bai san wannan wasa ba. Kafin ruwa ya ɗauke farar rigar Gwamna ta koma kore, launi na gangara masa har cikin wando.

Ranar Alhamis da hantsi ya shigo gari. Maimakon gida sai ya zarce shagon shayi, don nasara ba ta da daɗi in babu 'yan kallo. Ya zaro sabuwar takarda ya manna ta a kan tebur, ya ce a ba kowa shayi, yau Gwamna ne da biya. Mam Kadir ya ɗaga takardar, ya dubi yatsunsa da suka rine.

"Kak Baktiyar, wannan kuɗi ne ko lalle?"

Sannan ya gaya masa a hankali cewa tun ranar Talata 'yan kasuwa suka taru a masallaci suka ce tsohon kuɗi yana nan daram, duk abin da rediyo za ta faɗa ta faɗa. Tsohon babu mai iya ƙaro shi, ko Bagadazan ma, sabon kuwa kafin a shanye kofi ɗaya an buga wani buhu. Shi ya sa masu wayon kudu suke ta tsince tsofaffin suna hauro da su nan, inda ɗaya ke cin sababbi goma har da ɗoriya.

Gwamna ya dake ya ce mai shayi ba zai koya masa aikinsa ba. Ya nufi kasuwar dabbobi yana ɗingishi da takalmi ɗaya, mu kuma muka bar shayinmu muka bi shi, don irin wannan kallo ba kullum ake samu ba.

Haji Fatah ya cika alkawari, jar saniya na tsaye a gefensa. Gwamna ya zazzage jiƙaƙƙun takardu a gabansa, ya shiga bayanin cewa wannan ne kaɗai kuɗin da hukuma ta sani, an ma faɗa a rediyo. Haji ya ce saniyarsa ba ta jin rediyo. Aka yi roƙo, aka yi barazana da kotu, aka koma roƙo, har ladan ya kira azahar. Sai wani makiyayi daga ƙauye ya matso ya kwance ƙullin tsofaffin takardu masu warin tumaki, baƙi ƙirin don dauɗa. Haji ya karɓa da murmushi, makiyayi ya sa igiyarsa ya ja saniya ya yi gaba.

Gwamna ya waiga ya ga idon rabin gari a kansa. Fita kasuwa hannu rabbana ya fi masa mutuwa ciwo, don haka ya nuna igiyar da aka kwance daga wuyan saniyar ya tambayi kuɗinta. Haji ya ce saboda zumunci zai karɓi rabin tulin, ko wani mai zuwa Kirkuk zai rage masa su. Gwamna ya biya, ya rataya igiya a kafaɗa, ya shaida mana cewa duk wanda ya san kiwo da igiya yake farawa.

Labari ya riga shi isa gida. Gulbahar na zaune bakin tanderu, idonta ya kumbura, don tun ranar da ta ga matashi a farke take kuka. Ni dai a nan dariyata ta tsaya, na ji tausayin matar nan har cikin raina, shekara uku na ƙuna sun tafi a kwana uku. Gwamna ya tsaya a tsakar gida, kore tun daga wuya har gwiwa, ya fara bayanin cewa harkar kuɗi sai da dogon hange, nan da baɗi sabon dinari zai farfaɗo.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta zare igiyar daga kafaɗarsa, ta ja ta da hannu biyu ta ji ƙarfinta, ta ƙulla mata zarge.

"Igiya ce mai kyau, baban yara, ba a yi asara duka ba. Dama akwai dabbar da ta daɗe tana yawo sake a gidan nan. Sunkuyo da wuyanka."