Ya'u Ya Ɓata wa Manya Hoto

Jama'a, shekaranjiya jiniyar masu girma ta hankaɗa ni cikin kwata, har takalmina ɗaya ya tsinke. Ban yi fushi ba. An ce share wa 'yan gudun hijira hawaye suka zo yi, wane ni da tare hanyar alheri?

Maƙwabcina Ya'u yana cikin waɗanda aka kira. Bara ya iso Makarfi da iyalinsa bayan 'yan bindiga sun ƙone musu ƙauye. Ya daɗe yana wuni a gindin bishiya, sallama ma da ƙyar yake amsawa. Sai wani mai gonar rake a Dandamisa ya ɗauke shi aikin sara da ɗauri. Wallahi nan da nan ya farfaɗo. Ya yi kumatu, ya ɗinka riga, har tsokanata yake yi wai hulata ta girmi kakansa.

Mai unguwa ya ce dole kowa ya hallara, za a raba keken ɗinki. Ya'u ya ce, "Ranka ya daɗe, yau fa motar rake ke zuwa lodi." Aka ce masa manya ba sa jira. Manyan kuwa tun hantsi ake zuba musu ido, sai bayan la'asar suka iso.

Keken ɗaya ne tal, Allah ya ƙara musu arziki. Kowa ya dafa a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi mota, don mutanen Kudan ma suna can suna jiran su dafa. Da layi ya zo kan Ya'u, babbansu, Mai Girma Uban Masu Tausayi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ai ya fi ni ƙiba. Ina 'yan gudun hijirar na gaske?"

"Yallaɓai, aiki na samu," in ji Ya'u.

"To ai ka warke. Matsa gefe, kana ɓata mana hoto."

Ya'u ya garzaya gona, ya tarar mota ta yi lodi ta tafi, mai gona kuma ya sa wani a gurbinsa. Ban ga laifin mai gonar ba, raken da aka sare bushewa yake yi.

Da safen nan na yi wa Ya'u sallama, bai ko ɗago kai ba. Matarsa Lantana ta ce ko koko ya ƙi sha. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Amma kada mu yi butulci, na ji masu girma za su dawo dab da zaɓe. In dai Ya'u ya ci gaba da ramewa haka, ina tabbatar muku a sahun gaba za a tsayar da shi.