Jirgin da na saukar a Maraɗi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ƙarfe tara saura kwata na safe, a wani sibar, wato shagon intanet, da ke Sabon Gari. Mu uku ne a ciki: ni, da Sani mai wurin, da wata malamar makaranta da ta zo buga takardun jarrabawa. A cikinmu malamar ce kawai ba ta da hannu a abin da ya biyo baya. (Shi Sani laifinsa bai wuce ce mini da ya yi za a ɗauke wuta da ƙarfe tara ba, kuma gaskiya ya faɗa.)

Lokacin na shekara goma sha ɗaya ina karanta labarai a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Maraɗi. Abu ɗaya aka san ni da shi: ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. In aka ce mutum goma sun ji rauni, sai na je asibiti na ƙirga gadaje. Ina ji da wannan suna fiye da yadda ya kamata. Shekarar kuwa ta rigimar siyasa ce, ana ta ja-in-ja a kan tsarin mulki, kowane gidan rediyo yana tsoron a wayi gari an garƙame masa ƙofa. Darektanmu ya tara mu ya ce daga yau a bar labarin siyasa, a koma kan farashin gero da ƙwallon ƙafa.

Sai na tuna ina da shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog. Na buɗe shi shekara uku kafin nan, na yi rubutu biyar, na watsar. Na ƙarshe a kan tsadar albasa ne. Kalmar sirrin ma ta ɓace mini, matata ce ta samo ta a bayan wani tsohon katin ɗaurin aure. Masu karanta shafin huɗu ne, in an haɗa da ni. Na ce to, abin da aka hana ni faɗa a rediyo zan rubuta a nan, kuma sai na dawo da babban labari, ba da albasa ba.

Babban labarin yana tafe. Jagoran jam'iyyar da nake so (ba zan ɓoye ba, ina da kati, a aljihun ciki) zai dawo daga tafiya. Ya yi hayar ƙaramin jirgi daga wata ƙasa maƙwabciya, zai sauka Maraɗi kai tsaye da ƙarfe goma, daga nan a wuce mitin, wato taron gangamin jam'iyya. Matsala ɗaya ce. Ma'aikatan hasumiya, wato masu ba jirage izinin sauka da tashi, sun shiga yajin aiki a duk faɗin ƙasa tun ranar Alhamis, saboda tsofaffin na'urori da yawan awoyin aiki. Ni da bakina na karanta sanarwar sandikarsu, wato ƙungiyarsu ta ma'aikata. Don haka na tambayi Alhaji Mamman, shugaban jam'iyya na gari.

Ya yi dariya ya ce, "Wanga yajin aiki na jiragen 'yan kasuwa ne, ɗan jarida. Ka taɓa ganin an bar babban mutum a sama?"

Ban taɓa gani ba. Sai na ɗauki wannan a matsayin tabbaci.

Yanzu bari in tona wani asirin sana'armu. Saukar babban mutum a filin jirgi iri ɗaya ce a kowace shekara, don haka muna rubuta labarin tun kafin a je. Jirgi ya sauka, jama'a sun yi cincirindo, yarinya ta miƙa ruwa a ƙwarya, baƙo ya ce ya yi farin cikin kasancewa tare da 'yan'uwa. Ana ajiye takardar a gaban edita, ba ya sakinta sai wakili ya bugo waya ya ce, "Ya sauka." Wannan wayar ita ce dukan tsaron. A shafina babu edita, babu waya, sai ni da maɓalli. In na jira sai jirgi ya sauka, babu wuta a Sabon Gari, wani ya riga ni. Na duba agogo, na rubuta.

Kuma na rubuta da kyau, nan ne abin ya lalace. Na ce jirgin ya taɓa ƙasa da ƙarfe goma da minti bakwai, domin goma daidai ta yi kama da ƙarya. Na sa wa jagora farar babbar riga. Na sa masa jimla biyu a baki. Daga ƙarshe na tuna da Yakuba, ɗan ajinmu a kwaleji, mutumin Tsibiri, wanda ya shekara goma sha tara a hasumiyar Maraɗi. Kullum a kan babur yake zuwa aiki, ranar Lahadi yana jagorantar waƙa a majami'arsu, kuma ba wanda ya taɓa ambatar sunansa a labari. Na ga dama ta samu in yi wa aboki alheri. Na ƙara layi ɗaya: "Malam Yakuba, wanda ke bakin aiki a hasumiya, shi ya saukar da jirgin lami lafiya." Na latsa, na aika wa duk wanda ke cikin adireshina, har abokan aiki na Yamai. Wuta ta ɗauke. Na hau kabu-kabu ina jin kaina.

Filin jirgi ya cika. An kwaso mutane daga Jiratawa cikin manyan motoci biyu, mata sun yi anko, makaɗa suna ta ɗumama ganga. Goma ta yi. Goma da minti bakwai ta yi, na ɗaga kai, sai shaho guda ɗaya. Sha ɗaya ta wuce. Yarinyar da ke riƙe da ƙwarya ta gaji ta shanye ruwan.

Wajen sha biyu da kwata na zagaya gindin hasumiya. Ga Yakuba zaune a kan benci a inuwar itacen bedi, shi da abokan aikinsa biyu, kowa da jan ƙyalle ɗaure a damtse. Ƙofar hasumiya a kulle.

"Mai labarai, kai ma jirgi kake jira?" in ji shi. "Zauna. Matuƙin ya ƙi tashi tun can. Ba mahaukacin da zai taso ba a amsa masa ba."

Ban kai ga zama ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ce sakataren sandika ne daga Yamai, ya buɗe murya don abokansa su ji. Mutane suka fara matsowa, don duk inda aka ga waya a kunne ana zaton labarin jirgi ne.

"Kamarad Yakuba, nawa suka ba ka?"

"Su wa, kamarad?"

"Kar ka raina mini hankali. Yanzu wani rediyo a nan ya karanta a labaran sha biyu. Sun ce daga abokin aikinsu na Maraɗi ne, wanda ba ya kuskure. Saurara."

Sai ya fara karantowa. Ban taɓa jin rubutuna a bakin wani ya fito sarai haka ba. Goma da minti bakwai. Farar babbar riga. Cikin jama'ar da suka matso, kowa yana duban filin da babu komai a kansa sai wata akuya. Wata tsohuwa daga cikin matan Jiratawa ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Ke, ina nike sa'ad da ya sauka? Ko lokacin da na tai fitsari ne?"

Da sakataren ya iso layin ƙarshe, Yakuba ya juyo ya dube ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sakatare ya ce, "Duk ƙasa ta tsaya, Maraɗi kaɗai ta ci amana. Kwamiti zai zauna ƙarfe biyu. Za mu cire ka, mu aika sunanka kowane fili."

Yakuba ya ce babu jirgin da ya sauka. Sakatare ya ce to shi zai yarda da wanda ake tuhuma ne, ko da ɗan jaridar da ba ya kuskure? Ya kashe waya.

Wanda bai san sandika ba zai ce abin ƙarami ne. Ba ƙarami ba ne. Wanda aka cira da sunan ya karya yajin aiki, ba mai sake cin abinci da shi a wurin aiki, ba mai tsaya masa ran da shugabanni suka taso masa. Shekara goma sha tara na mutum na ɗauka na jefa a rijiya, da niyyar alheri.

Alhaji Mamman ya ja ni gefe, fuskarsa a sake. "Ɗan jarida, kar ka taɓa rubutun nan. Jagora ya kamo hanya da mota, in ya iso ai ya iso. Wa zai tambaya ta sama ya zo ko ta ƙasa? Can Yamai kuwa abokan hamayya sun ji ko yajin aiki bai tare mu ba. Ka yi mana aiki, ba za mu manta ba."

Zan faɗi gaskiya, na yi tunanin abin. Na yi kusan minti ɗaya ina yi. In na yi shiru, gobe kowa ya ga jagora a gari, sunana ya tsira. In na yi magana, na zama ɗan jaridar da ya ga farar riga a cikin jirgin da bai tashi ba.

Na koma wurin benci na ce, "Yakuba, buɗe mini hasumiya."

"Muna yajin aiki."

"Ba jirgi zan saukar ba. Na riga na saukar da nawa."

Ɗaya daga cikin abokansa ya tuntsire da dariya, shi ya miƙo makulli. Muka hau. Akwai babban littafi da suke rubuta duk jirgin da ya sauka ko ya tashi. Na ɗauki hoton shafin ranar, fari fat. Na ɗauki filin ta taga, da akuyar. Na ɗauki su uku da jan ƙyallensu, agogon hasumiya a bayansu yana nuna ɗaya saura minti ashirin. Yakuba ya tayar da babur ya ce in hau. Duk hanya ramuka yake zaɓa yana faɗawa, ina jin da gangan.

A unguwar Zariya muka sami sibar mai janareto. Ban goge labarin farko ba, na bar shi kowa ya gani, na rubuta a samansa: "Labarin da ke ƙasa ƙarya ne. Ni na rubuta shi da ƙarfe tara saura kwata, kafin in je filin jirgi. Babu jirgin da ya sauka Maraɗi yau. Malam Yakuba bai yi aiki a hasumiya ba, yana yajin aiki tare da 'yan'uwansa tun ranar Alhamis. Farar rigar ma ni na ɗinka ta." Hotunan suka ɗauki minti goma sha biyar suna hawa, ina kallon layin yana tafiya kamar jaki mai kaya.

Daga nan na buga wa rediyon Yamai, na ce su sa ni kai tsaye a labaran ɗaya da rabi. Editansu ya ce, "Ka tabbata? Kanka fa za ka yanka." Na ce na tabbata, kuma wannan karon na je na gani. Na tsaya a bakin titi, janareto yana ruri a bayana, na gyara murya irin ta aiki, na karanta ƙaryata kaina da kaina, sannu a hankali, ba tare da na ci harafi ɗaya ba. A duk shekarun da na yi ina karanta labarai, ban taɓa karatu mai tsabta kamar wannan ba. Tun da na samu iska, sai na ƙara da abin da ya sa suke yajin aikin: na'urar magana da jirgi da ke yankewa, da mutum uku da ke riƙe aikin mutum shida. Editan bai katse ni ba.

Ƙarfe biyu saura minti biyar wayar Yakuba ta yi ƙara. Ya buɗe murya.

"Kamarad, kwamiti ya ga hotuna. Ka yi haƙuri. Wannan ɗan jaridar, abokinka ne?"

Yakuba ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Ɗan ajinmu ne. Tun muna yara shi ke fara miƙa takarda a jarrabawa."

"To ka ce masa mahaukaci ne. Ka kuma ce masa ya turo mana abin da ya faɗa a rubuce, za mu raba wa kowane fili."

Ranar Yakuba ya kai ni Tsibiri, matarsa ta yi mana tuwo, ya sa na maimaita mata labarin tun daga farko, yana gyara mini inda na so in sassauta.

Abin da na koya shi ne, ƙaryar mai shirme ba ta zuwa ko'ina, a unguwarsu take mutuwa. Ta mutumin da ya iya aiki ita ce ke isa Yamai kafin azahar. Tun daga ranar, duk abin da na ga ya fito da kyau tun ban tashi daga kujera ba, sai in tashi in je in duba.

Jagora ya iso washegari da hantsi, cikin mota, sanye da shuɗiyar riga. Jam'iyya ba ta sake gayyata ta ko taron shan shayi ba. Shafin kuwa ya tashi: ma'aikatan filayen jirgi suka riƙa aiko mini da labarin yajin aikin kullum, ni kuma ina bugawa bayan na kira mutum biyu. Da aka janye yajin aikin, reshen sandika na Maraɗi ya zaɓi Yakuba wakilinsa, babu hamayya.