Daddawar da Ta Ba da Shaida a Kaina

Matso kusa ka ji, don wannan ba ta ɗaga murya ba ce. Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da daddawata ta tona mini asiri a gaban alƙali ba.

Gonar gado ce a bayan Kusada, muke shari'a a kanta da Sale, ɗan baffana. Muka kai Kankia, alƙali ya ce kada kowa ya taka gonar sai an yanke hukunci. Na ji da kunnena (kunnen da ke jin tsegumin gida uku), ba zan ce ban ji ba.

To amma akwai ɗorawar Kaka, kakarmu ni da Sale, a tsakiyar gonar. Bazara ta yi, aka ce mini ta yi 'ya'ya har rassa na rinjaya. Ni da ko ƙofar gida ba na son fita, sai ga ni da buhu. Na roro, na dafa kalwa, daddawa ta yi kyau. Matar Sale ta haihu, na ce shari'a daban zumunci daban, na ƙulla mata goma na aika. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai bakina ya ƙara da cewa, "A gaya mata ta bishiyar Kaka ce, ta bana."

Ranar zama alƙali ya tambaye ni ko na shiga gonar.

"Allah gafarta Malam, ni? Ko hanyar na manta."

Sale ya zaro ƙullin leda daga aljihu ya kwance. Wari ya gauraye kotu, magatakarda ya toshe hanci da hula.

Sale ya ce, "Yaya Hajara, kin gane ta? Mun gode, miya ta yi daɗi. Saƙon ma ya iso."

Har lauyana ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce na raina kotu. Ga tara, ga kuɗin zirga-zirgar Sale da na lauyansa, duk a wuyana. Awakina suka tafi, ba su isa ba. Da aka raba gonar daga baya, ɓangaren da ɗorawar take ni ya faɗo wa, shi na sayar na cike. Wa ya saya? Surukin Sale.

Yanzu daddawa a kasuwa nake saye, na kuma koyi aika kyauta baki a rufe. Amma tsakaninka da Allah, ɗan'uwan da ya sha miyar daddawarka sannan ya kai ragowar kotu, idan matarsa ta sake haihuwa, me za ka aika masa?