Langar Hanne a Gindin Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, a shekarar farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Har yau in na tuna ta sai zufa ta karyo mini, ko da cikin sanyi ne. Lokacin ina sabon malamin firamare a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Kunci, kuma sabon ango. Ina da takardar shaidar koyarwa, da keke mai ƙararrawa, da agogon hannu (ba ya aiki, amma ni kaɗai na sani). A ganina, duk ƙauyen nan ni ake jira in zo in gyara shi.

Surukina, Baba Sale, mai kiwon zuma ne. A shekarun ƙoshi da wuya ka ga ɗorawa ko kuka a gefen gari ba amyarsa a kai. Da fari ya zo, fure ya ƙare, sai ƙudan suka riƙa tashi amya bayan amya, har ya rage masa guda ɗaya tal a ɗorawar bayan gidansa. Rumbunsa kuwa tuni aka fara shiga ciki da tsintsiya. Dogaron gidan gaba ɗaya a kan amyar nan yake. In ƙudan suka jure har ɗorawa ta yi fure, zai sami zumar da zai kai kasuwa ya auno dawa, su lallaɓa su kai damina.

Ran Alhamis na je gaishe shi, na tarar da shi a gindin ɗorawar. A gabansa ga wani fasasshen kasko baƙi ƙirin, an dama ɗan garin ɗorawa da ruwa a ciki, ga guntayen kara da tsakuwa sun cika shi. Nan ƙudan ke sauka suna sha. Na dubi kaskon na yatsine fuska. Na taɓa karanta wata 'yar takarda ta Turanci a kwaleji, wadda ta ce a ba ƙudan zuma ruwan sukari a mazubi mai tsabta. Iya abin da na riƙe ke nan, amma ya ishe ni in zama gwani.

"Baba," na ce, "ai wannan ƙazantar ce take korar su. Ka bar mini, zan kawo na zamani."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam."

Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gabana saboda kunyar surukuta, ta ina zai buɗe baki ya ce mini ban iya ba? Kowane ɗan ƙauyen ya san wannan. Ni kuwa na hau kekena ina jin an ba ni izini.

A gida na tsaya gaban jeren matata Hanne ina zaɓe. Ƙwarya, na ce ƙauyanci. Faranti, na ce bai da zurfi, rana za ta shanye ruwan (da shi na ɗauka, da ban zauna ina rubuta wannan ba). Idona ya faɗa kan wata langa fara sol, mai zurfi, mai santsi, da zanen jajayen furanni a jikinta. Wallahi har cewa na yi a raina, ƙudan zuma da fure, ai faɗuwa za su yi a kanta. Na ɗauko kwalin sukarinmu guda ɗaya, wanda sai da na yini biyu a layi kafin na same shi.

"Malam, ka kuwa tambayi Baba?" in ji Hanne.

"Ai ya ce to."

Sai ta ce a hankali, "Ko kara biyu ba za ka jefa a ciki ba?"

"Kara? A sabuwar langa?" Na yi mata dariyar masu ilimi.

Washegari da hantsi na je, na tarar Baba ya riga ya kama hanyar Bagwai a ƙasa don sallar Juma'a. Hakan ma ya yi mini daɗi, don so nake ya dawo ya ga abin mamaki. Na kifar da kaskonsa a bayan danga, na ɗora langa a kan dutse, na cika ta da ruwan sukari mai kauri. Ban bar wurin ba sai da na ga ƙudan sun fara saukowa.

Da aka idar da salla a Bagwai, maimakon in hau kekena in wuce, sai na turo shi ina tafe da mutanen garinmu. Tun daga bakin masallaci nake yi musu lacca kan kiwon zuma irin na zamani, na kuma gayyace su su zo su gani da idonsu. Mutum bakwai suka biyo ni, har da Tanimu wanzami, wanda in ya ji labari da azahar, kafin la'asar ya aske shi a kan rabin gari. Baba yana can baya yana biye da mu.

Tun daga nesa na hango saman langar ya yi baƙi. Na tafa hannu na ce, "Kun gani ko? Ko wurin sauka babu!"

Tanimu ya tsuguna, ya tsinci kara ya tsoma ya juya. Ƙudan suka juyo kamar wake a tukunya, matattu, tun daga sama har ƙasa. 'Yan masu sauran rai suna ta ƙoƙarin hawa jikin langar, santsi yana mayar da su. Ga cinnaka sun ja layi daga dutsen sun kama hanyar amya.

"Malam, waɗannan ai sun sha na ƙarshe," in ji Tanimu. "Ina karan da ake zuba musu? A kan me za su tsaya su sha?"

A nan na gane amfanin abin da na kira ƙazanta. Na ji babbar rigata ta yi mini nauyi. Na buɗe baki, Hausa ta gudu, Turancin ma ya ƙi zuwa.

Baba ya ratso mutane ya durƙusa. Ya riƙa tsamo masu motsi ɗaya-ɗaya da yatsa yana ajiyewa a kan dutse. Bai ɗago ba ya ce, "Laifina ne. Malam ya ce in zuba kara kafin in fita, ni na manta."

Duk wanda ke wurin ya san ba haka aka yi ba, tun da da bakina na gaya musu bayan fitarsa na zo. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, ban musa ba. Kai ma na gyaɗa.

Kwana uku bayan haka sauran ƙudan suka tashi. Mako bai cika ba Baba ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya tafi cin rani Bacirawa ta Kano, aikin tubali, da furfurarsa da ciwon bayansa. Hanne ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Tun da aka haife ni bai taɓa rani a waje ba."

Da ruwan farko Baba ya dawo, ya rame har wuyan rigarsa yana lilo. Na shirya jawabin neman gafara mai tsawo, kullum in na doshi ƙofarsa sai in juya. Shi ya aiko a kira ni. Na same shi ya saƙa sabuwar amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya jingine ta tana shan iska.

"Malam," ya ce, idonsa a ƙasa, "a wace bishiya kake ganin za a ɗora ta?"

Na tsuguna na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na auri 'yarsa, ya ce, "Madalla."

Shekara biyar na yi a kwaleji ba a koya mini faɗar wannan magana ba. Ga ta kuwa da sauƙi, ba ta buƙatar sukari ko langar kowa. Da na iya ta tun ran Alhamis ɗin nan, da tsoho ya yi raninsa a gida.