Jarrabawar Jonathan Siyo

"Ni kallo ɗaya nake yi wa mutum in karance shi tun daga hula har silifas!" in ji Jonathan, yana dukan ƙirji a teburin mai shayi a Sabon Tasha. "Malalaci ne, maƙaryaci ne, tun daga bakin titi nake jin warinsa."

Abokina, in ba ka san Jonathan ba ka yi asarar dariya. Tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe, babu sana'ar da bai taɓa ba. Ya yi kiwon kaji, suka mutu kamar sun haɗa baki. Ya buɗe gidan kallon ƙwallo, janareto ya kama da wuta ana shirin buga fenareti. Yanzu kuma ya kafa kamfanin kai abinci da saƙo gida-gida, wai shi Yanzu-Yanzu. Baburan na Madam Ngozika ne, mai sayar da kayan gyaran mota, shagon ma ita ta kama. Shi Jonathan baki ya zuba a jari, sai kwat guda ɗaya. Ya ce a riƙa kiransa Si'i'o kamar shugabannin manyan kamfanoni, 'yan unguwa suka rage masa tsawo, ya koma Siyo.

"Wane irin ma'aikaci za ka ɗaukar mana?" Madam ta tambaye shi.

"Mai gaskiya, Madam, mai zuciya, wanda ba ya jira a ce masa yi. Takardar makaranta kowa na da ita. Ni hali zan tono."

"Ta yaya?"

"Sirrin manya ne."

To ga sirrin. Ranar intabiyu gogan naka ya bar kwat rataye a ofis, ya sa yagaggiyar riga, ya ja hular sanyi har gira, ya shafa toka a gemu, ya ɗauki tsintsiya. Wai zai shiga cikin masu neman aikin a matsayin mai shara, ya ji cikinsu. Kafin ya fito ya buga wa Bitrus waya, sabon maigadin da Madam ta ɗauka, wanda ba su taɓa haɗuwa ba, lokacin yana kan hanya bai iso ba.

"Kada ka bar kowa ya shiga ofishina. Ko wane ne!"

"An gama, Oga."

Ya tarar da masu neman aikin jere a benci, yawanci daga Makera da Unguwar Sanusi. Labarinsa suka sani, ba fuskarsa ba. Ya matso yana shara yana tari irin na tsofaffi.

"'Ya'yana, an ce mai kamfanin nan haziƙi ne, ko?"

Wani saurayi, Ɗahiru, ya kece da dariya. "Siyo? Wanda kaji suka gwammace lahira da zama da shi?"

Wata budurwa mai suna Comfort ta ce, "Baba, ni don Madam na zo. Shi kam an ce ganga ce, ƙara a waje, ciki iska."

Jonathan ya nemi gaskiya, ga ta nan an zuba masa har ta yi ambaliya. Ya yar da tsintsiya, ya nufi ofis a fusace don ya sa kwat ya fito ya kore su. Bitrus ya tare ƙofa.

"Baba, ina zuwa?"

"Kauce! Ni ne Oga!"

"Kai ne Oga? To ni ne gwamna. Koma ka yi shararka."

"Kai, sakarai! Kira lambar Oga yanzu ka gani!"

Bitrus ya kira. Waya ta ɗau ruri a aljihun yagaggiyar riga. Jonathan ya zaro ta yana murmushin nasara, ya ɗaga sama kowa ya gani.

Comfort ta miƙe tsaye. "Jama'a! Wayar Oga ya sata!"

"Ɓarawo!"

Ka san wannan kalma a Sabon Tasha ba ta jiran bayani. Jonathan ya buɗe baki, ya ga masu keke sun fara fakin, ya rufe, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bai yi nisa ba Ɗahiru ya sa masa ƙafa, sai ga Si'i'o a kwata, ƙafafu sama. Comfort ta hana a dake shi, ta sa aka ɗaure shi da robar babur, ta kira Madam. Duk babu wanda ya ce mata yi.

Madam ta sauko daga keke, ta leƙa fuskar ɓarawon, ta daɗe tana kallo.

"Jonathan?"

Ɗahiru ya fara neman hanyar gida da ido.

Amma bakin Siyo ba ya mutuwa. Ana kwance shi ya miƙe, ruwan kwata na ɗiga daga kunnensa, ya gyara murya.

"Madalla! Duk jarrabawa ce! Ni na shirya ta tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya kama ɓarawo ya samu aiki. Kin ga aikin ƙwaƙwalwa, Madam?"

"Na gani," in ji Madam.

Ana cikin haka sai ga wani ƙato ya kutso yana haki, ƙirji kamar ƙofar gareji, hannu kamar taɓarya.

"Madam, a yi haƙuri, na makara, go-silo ne ya riƙe ni a gada. Na ji an ce sai an kama ɓarawo ake samun aikin. Ni ban yi tawa jarrabawar ba."

Madam ta dubi ƙaton, ta dubi Jonathan, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Gaskiyarsa, Siyo, a yi adalci. Tashi ka sake gudu."