Ranar da Na Riƙe Lasifika a Walimar Habu

Ko da zan manta da lambar iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar walimar auren Habu ba. A ranar na yi asarar aminin da ba ni da kamarsa a duk faɗin Riyad, kuma ba wani ne ya shiga tsakaninmu ba. Ni ne da bakina, lasifika a hannu, a gaban jama'a, har ina dariya.

Bari in gaya muku wane ne Habu. Makanike ne, mutum mai sanyin hali, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai riga ka ba da haƙuri. Lokacin da na sauka ƙasar nan, kafil ɗina, wato Balaraben da ya ɗauko ni aikin tuƙi, bai tanadar mini wurin kwana ba. Ina tsaye a unguwar Batha da jaka ɗaya, ina masifa a waya da Hausa, sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan uwa, ka ci abinci kuwa?" Habu ke nan. Tun daga ranar ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Shaƙuwarmu ta kai har yakan ce mini, "In Allah ya ba ni ɗa namiji, sunanka zai ci." Ni kuma in ce ya yi sauri kafin in tsufa.

Amma Habu yana da wasu halaye da nake mayarwa abin tsokana. In zai ci abinci sai ya tsuguna, ya kewaye kwanon da hannu ɗaya, ya cinye cikin ƙiftawar ido. In zai kwanta, a bakin katifa yake maƙurewa, ya bar sauran fili kamar yana jiran baƙi. Sannan ba ya yarda a rufe ƙofar ɗaki ruf, ko da kuwa sanyin na'ura yana zurarewa waje. Na sha yi masa faɗa a kan ƙofar nan. Murmushi kawai yake yi, ya ce iska yake so.

Ni kuma nawa halin shi ne baki. (Waɗanda suka san ni ba sa buƙatar ƙarin bayani.) Musamman in aka taɓo zancen ɓarayi, to an kunna ni. Ina da dalili: shagon kayan waya nake da shi a gida, aka fasa shi aka kwashe komai har da kujerar da nake zama, kuma wannan ne ya koro ni ƙasar nan. Don haka kullum waƙata ɗaya ce: duk wanda ya shiga gidan yari a rufe shi a jefa mukullin a rijiya. Ina yawan cewa, "Ku dubi nan, mutum ya bar shago ya tafi salla ba wanda zai taɓa masa ko tsinke. Mu kuwa sai lallashin ɓarayi."

Cikin mutanen da nake zagi ban taɓa ganinsu ba, akwai wani lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara a jihar su Habu. Labarinsa ya daɗe yana yawo a waya. An ce da ƙafarsa yake shiga gidajen yari, yana tambayar masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya. Wanda babu shaida a kansa sai ya janye ƙarar, mai ƙaramin laifi kuma a tura shi sulhu ko sharar asibiti maimakon ɗauri. Ni na raɗa masa suna Barista Buɗe-Ƙofa, sunan kuwa ya bi bakin mutane a majalisarmu ta Juma'a, ina jin kaina yana fasuwa. Duk lokacin da na ɗauko zancensa a ɗaki, sai Habu ya tashi ya tafi wanke kwanuka. Na ɗauka siyasa ce ba ya so.

To sai Allah ya kawo auren Habu. Ya samu Maryam, 'yar Baba Tanimu, wani dattijo da ya daɗe a Riyad har 'ya'yansa Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ni ne babban aboki, ba ma sai an faɗa ba. Na ɗinka sabuwar shadda, na sayi turare, na yi ta kai-kawo kamar ni zan angwance.

Ranar Juma'ar walimar da safe Habu ya ce mini, "Don Allah ka je filin jirgi ka ɗauko mini wani babana. Ya gama Umara, zai biyo ta nan saboda ni. Sunansa Malam Nuhu." Na lura ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wata magana. Ni kuwa har na zari mukullin mota, na ce da ɗan Larabcina na masu sauri, "Yalla, an gama."

Malam Nuhu ɗan siririn dattijo ne, da tabarau da 'yar jaka, ba wani kwarjini. Muna hawa titi na fara yi masa tambayoyi irin na direba. Ya ce a ma'aikatar shari'a ya yi aiki, bai daɗe da ajiyewa ba.

Na ce, "Allahu Akbar! Ashe Baba kun san Barista Buɗe-Ƙofa?"

Ya ce, "Wa ke nan?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya gyara tabarau ya ce, "To, na san shi."

Ai kuwa sai na saki baki. Na ce mutumin nan ko dai cin hanci yake yi ko kuma kansa ba daidai ba. Na ce da ni ne gwamna, da shi zan fara rufewa ya ɗanɗana. Na ba shi labarin shagona tun daga kan kwado har kujera. Ya saurare ni tsaf, har da jajanta mini. Can ya ce, "Ɗana, wanda ya fasa maka shagon an kama shi?"

Na ce, "Ina fa! 'Yan sanda dai sun kwashi wasu samari a unguwar."

Ya ce, "Su samarin, ina suke yanzu?"

Na ce, "Oho musu."

Sai ya juya yana kallon gine-gine ta taga. Ni kuma a raina na ce na ƙure tsoho. (Ku dubi irin wautata, jama'a. Har wani ƙara wa rediyo murya na yi don murna.)

Bayan sallar Juma'a aka hallara a istirahar da muka kama a bayan gari, irin gidan hutun nan mai katanga da fili da ake haya don biki. An shimfiɗa darduma, an jera farantan kabsa, shinkafa da nama har suna tururi, ana zagayawa da gahawa da dabino. 'Yan garejin su Habu sun zo, direbobi sun zo, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun zo. Malam Nuhu yana zaune kusa da Baba Tanimu, a sahun manya.

Kun san al'adarmu, in an gama addu'a sai a ba abokan ango dama su ɗan tsokane shi. Aka miƙo mini lasifika. Na fara da kyau, wallahi. Na faɗi yadda Habu ya tsince ni a Batha, har wasu suna gyaɗa kai. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Amma sai na ji ana saurarona, daɗi ya kwashe ni. Na ce bari in gargaɗi amarya a kan abin da za ta tarar. Na tsuguna a tsakiyar fili da sabuwar shaddata, na jawo wani faranti, na kewaye shi da hannu, ina zazzare ido ina kwaikwayon yadda Habu yake cin abinci. Samari suka fashe da dariya. Na kwanta a bakin darduma na maƙure, na nuna yadda yake barci. Dariya ta ƙaru. Na hango Baba Tanimu yana ɗaga mini hannu yana cewa, "Halas, halas, ya isa." Na ɗauka yabo ne.

Sai na miƙe na kawo ta ƙarshe, wadda na kwana biyu ina tanadi. Na ce, "Ga shi ba ya yarda a rufe ƙofa! Wallahi in ba don na san Habu ciki da waje ba, sai in rantse cikin tsofaffin fursunonin da Barista Buɗe-Ƙofa yake sako mana ne ɗaya ya ɓullo Riyad. Baba Nuhu ga ka nan, ka san mutumin, in ka koma ka gaya masa ya bar mana ɓarayinsa a inda suke!"

Na tsaya ina jiran tafi. Wasu 'yan baya suka fara dariya, suka ga na gaba ba sa yi, suka haɗiye. Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a hannu.

Habu ya taso a hankali, ya karɓi lasifikar daga hannuna. Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Jama'a, dama na yi niyyar gabatar muku da baƙona, abokina ya riga ni." Ya ce yana yaron gareji aka tsinci babur ɗin sata a wurin aikinsu, maigidansa ya gudu, aka kwashe yaran garejin har da shi. Ba a taɓa kawo shaida ko ɗaya a kansa ba, ba a yanke masa hukunci ba, an dai ajiye shi ana ta ɗage zama. Ya shiga ba gemu, ya fito da gemu. A ɗakin da suke, in ka juya sai na kusa da kai ya juya, in ka ɗaga ido daga kwano ka rasa abincin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ciki, sai daga baya ya ji.

Ya nuna Malam Nuhu ya ce, "Wannan bawan Allah shi ne ya shigo ya tsuguna a gabana ya tambaye ni sunana da abin da na yi. Shi ya janye ƙarar. In ba don Allah ba don shi ba, da yanzu ina can. Shi ne wanda ake ce wa Buɗe-Ƙofa."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shinkafa maƙale a gwiwar shaddata, ga hannuna a sama kamar har yanzu lasifikar tana ciki. Na juya wajen Baba Tanimu ina tsoron kada in zama na kashe auren ma. Dattijon ya dube ni ya ce, "Mu ai mun sani. Ranar farko da ya zo neman aure ya gaya mini, ya gaya wa yarinyar." Wani ɗan Maraɗi da suke gareji ɗaya ya sunkuyar da kai, alamar shi ma ya sani. Ashe duk na kusa da Habu sun sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da na gama rantsuwa na san shi ciki da waje.

Kuma kada ku manta, ni ne direba. Washegari ni na mayar da Malam Nuhu filin jirgi. Tafiyar nan ta yi mini tsawo kamar zuwa Makka a ƙafa. Na yi ta ba shi haƙuri har kalmomi suka ƙare. Ya yi dariya ya ce, "Ni kam ba komai, an kira ni da abin da ya fi wannan muni. Sunan ma ya yi mini daɗi. Kuma ba ka yi ƙarya duka ba, akwai waɗanda na saka suka koma sata, ina kwana da wannan. Amma ba ni ka ɓata wa ba." Da zai sauka ya ƙara da cewa, in na kira gida in tambayi labarin samarin nan na unguwarmu. Na tambaya. Ɗaya daga cikinsu har lokacin yana ciki yana jiran shari'a, a kan shagona.

Habu na same shi a gareji bayan kwana biyu. Na ce ya yafe mini don girman Allah. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Na yafe maka tun a wurin." Na ce to me ya sa bai taɓa gaya mini ba, duk zaman da muka yi? Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Sau nawa na buɗe baki zan gaya maka, sai ka riga ni da zancen mukulli da rijiya. Ko a safiyar ranar na so in faɗa, ka ce yalla."

Ba mu yi faɗa ba. Har yau muna gaisawa, in motata ta lalace shi yake gyarawa, in mun haɗu a masallaci mu yi musabaha. Amma yanzu "Malam" yake ce mini, shi da a da ba ya kirana sai da "mutumina". Bara Maryam ta haihu, namiji. Na je suna, ni na taya ɗaukar faranti. Da liman ya faɗi sunan yaro, Nuhu, na fi kowa ɗaga murya wajen cewa Allah ya raya, sannan na fita waje na daɗe a cikin mota.

Darasin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Yanzu in aka ɗauko zancen gidan yari a majalisa, sai in cika bakina da dabino in bar masu hankali su yi. In an miƙo mini lasifika a biki kuwa, "Allah ya ba da zaman lafiya" nake cewa in zauna, har ana tambaya ko ba ni da lafiya.

Ɗakin nan namu ni kaɗai nake ciki yanzu. Ba mai hana ni rufe ƙofa, sanyin na'ura duk nawa ne. Amma har yau na kasa rufe ta ruf.