Rasuwar Mai-ƙamshi, ta Ƙarshe a Danginta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Mai-ƙamshi, shukar da ta shekara talatin da ɗaya cikin tukunyar ƙasa a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyata. Ta cika ranar Talata da hantsi, a falona, bayan jinyar mako uku. Iyakar sanin masana, ita ce ta ƙarshe a danginta. A daji babu sauran ko ɗaya.

Marigayiyar haifaffiyar bakin rafi ce. A da danginta sun cika gaɓar, in mutum ya ratsa sai ƙamshi ya bi rigarsa har gida. Mu muka ƙarar da su. An ce saiwar tana kwantar da cikin jarirai, sai kowa ya riƙa tuge ta ɗungurungum, gidanmu a sahun gaba. 'Yan kaɗan da suka rage kuma motocin cike rafi suka binne. Ranar da aka fara zuba ƙasa Inna ta tono guda ɗaya, ta ƙunso ta a bakin zaninta.

Mai haƙuri ce, tsawonta bai wuce gwiwa ba. Ba ta taɓa neman abin da ya wuce moɗar ruwa da ɗan hantsi ba. Akuya ta taɓa yi mata aski ƙwalƙwal, ta yafe, ta sake tohowa. Takan yi fure fari, amma bai taɓa zama iri ba. Maganarta ɗaya ce a duniya: in an zuba ruwa, ƙasar tukunyar ta ce ƙut, ƙut, ƙut. Tun da idon Inna ya tafi, da wannan ƙarar take sanin gari ya waye lafiya.

Bara wata malamar ilmin tsirrai ta zo, ta durƙusa gabanta kamar mai gaida suruka. Reshe ɗaya ta roƙa, ta dasa a lambunsu ko za a samu na mayarwa daji. Na ce, "Malama, in kowa ya samu, ni me ya rage mini?" Na rubuta amsar a nan yadda na faɗe ta, domin kada wani ya yi mini kara.

Ciwon ajalinta ni na kawo shi. Abokan aikina za su zo ganin gyaran da na yi wa gida, sai tsohuwar tukunyar ta ba ni kunya da tsagarta da gansakukarta. Na sayo ta roba mai ƙyalli, ban duba ko tana da huda a gindi ba. Na juye marigayiyar ciki, na kai ta falo bayan labule inda rana ba ta leƙowa, na nuna ta ga baƙi ina hura hanci. Ganye ya fara rawaya, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Matata ta ce, "Maigida, nutsewa fa take yi." Na ce ta kula da girkinta. A sabuwar tukunyar ba ta ƙara cewa ƙut ba. Ranar da na ɗago ta, saiwar ta narke a hannuna, tana wari.

Ta bar tsohuwar tukunyarta, wadda ba ta da laifin komai. Ta bar moɗa, da 'yan ƙwarin da ke zuwa wa furenta, waɗanda har jiya suna kewaya wurin. Ta bar Inna, wadda ba ta sani ba. Kowace safiya takan ce, "Ta sha?" Sai in cika tsohuwar tukunyar da ruwa, ƙasar da ta rage a ciki ta yi mata ƙarar da ta saba ji, in miƙa mata busasshen ganye daga cikin waɗanda na ɓoye a ambulan. Ta murza, ta sunsuna, ta sa mini albarka. Ban taɓa jin albarka ta yi mini nauyi irin wannan ba. Ganye biyu suka rage.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar. Malama za ta ɗauki karan da ya bushe ta adana cikin takarda, iyakar abin da na bar mata ke nan. Sauran za a rufe a tsohon bakin rafi, bayan shagunan taya, in mai gadin wurin ya yarda. Masu zuwa gaisuwa kada su ce Allah ya mayar da irinta, babu irinta. Su zauna a waje, su sassauta murya. Za a tashi da zarar na fito daga ɗakin Inna. Ba zan iya sa lokaci ba, don har yanzu ban san ta inda zan fara gaya mata ba.